Kyanwar Shagon Gilashi

Duk layin an san Baba Mai Gilashi, an kuma san ba a ganinsa sai da Dogo. Shi Dogo gajere ne kamar turmi, Baba ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, ya kuwa bi shi. Tun suna da baƙin gashi suke yankan gilashi a shago ɗaya. Baba Musulmi ne, Dogo kuwa ɗan addinin Hindu, kan littattafan Veda iyayensa suka rene shi.

Babban gilashi ba ya ɗaukuwa ga mutum ɗaya. Dogo ke riƙe gaba yana tafiya da baya, Baba na biye yana faɗa masa hanya: hagu, akwai rami, ɗaga ƙafa. Ko a kan matattakala Dogo bai taɓa waiwaye ba. Abin da Baba ya ce, shi ƙafarsa ke bi.

A zancen lahira ne kawai Dogo ba ya jin magana. Da rana in sun zauna shan shayi, Baba sai ya kawo Aljanna, ƙoramu da inuwa, babu ciwon baya, uwa uba mutum ya ga nasa ya gane su. Dogo ya yi dariya ya ce wannan ai hutun ƙarshen mako ne. A wurinsu rai tafiya yake yana dawowa cikin sabon jiki, yana girbar abin da ya aikata, har ranar da zai gane kansa ya kuɓuta, ya koma asalinsa kamar ɗigon ruwa a teku. Daga nan babu Dogo, babu dawowa. Baba ya ce wannan wace irin tsira ce da ba a gaisawa a cikinta? In dai Dogo ya dawo a kyanwa ya zo shago, madara kyauta ce.

Wasa suke, amma Baba da gaske yake. So yake ya ga mutumin nan a can, shi ke nan. Shekara da shekaru yana sa shi a addu'a, Allah ya shirye shi. Matarsa har gori take masa, wai ko ita ba ta samun wannan gatan.

Ciwon ƙirji ya kwantar da Dogo, ya cinye shi tas. Baba ya je asibiti ya tarar da shi kwance, hannun nan mai tabon yanka ya zama kamar kara. Ya zauna, ya kama hannun, ya karanta masa kalmar shahada a hankali, yadda yake faɗa masa rami a hanya. Ya roƙe shi, hawaye na bin gemunsa, ya maimaita ko sau ɗaya.

"Na ji ka, ɗan'uwa," in ji Dogo. "Amma wannan karon ina ganin hanyata. In kana sona, yi mini fatan kada in dawo."

In Baba ya yi masa wannan fatan, ya saki abin da ya yi imani da shi, ya kuma saki Dogo. Sai kawai ya gyara masa matashin kai.

'Ya'yan Dogo suka ƙone gawar yadda addininsu ya ce. Ko kabarin da zai tsaya a kai Baba bai samu ba. Ya daina karɓar aikin manyan tagogi, ya koma yankan madubi da gilashin hoto, wanda hannu biyu ke iya ɗauka. Zuciyarsa ta karye, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

Wata safiya ya zo buɗe shago ya tarar da wata kyanwa gajeruwa, ƙasusuwa a waje, zaune a bakin ƙofa. Dogo ya faɗo masa a rai. Ya yi istigfari, don ya san matacce ba ya dawowa. Ko a lissafin Dogo ma, in shi ne, to bai samu abin da ya roƙa ba ke nan. Can Baba ya shiga, ya share ɓaraguzan gilashi daga ƙasa don kada su yanke ta, ya zuba madarar shayinsa a murfin gwangwani.

"Na san ba kai ba ne," ya ce. "Sha dai."