Odile Quibel, Mai Gadin Bakin Ruwa

Ƙarfe shida da rabi na safe Odile Quibel take jingine kekenta a ƙofar tasharmu ta nukiliya. Ba ta fara shiga ofis. Takan bi katangar duwatsun da ke tare igiyar ruwa har ƙarshe, ta tsaya ta ƙare wa teku kallo, sannan ta dawo ta sha kofi da burodi. Shekara talatin da huɗu ke nan, Juma'ar nan kuma za ta ajiye aiki.

Ni a ɗakin sarrafa injuna nake, cikin ɗumi, kuma mu ake ɗauka hoto. Odile tana can gidan famfo, inda ruwan teku ke shigowa ta manyan rariyoyi masu juyawa, rigarta kullum da ƙarnin kifi. Amma in mutanen gari suka zo ziyara, ita ake kira ta yi bayani.

"Tukunya ce fa," haka take ce musu. "Yuraniyom ya ba da zafi, zafi ya mai da ruwa tururi, tururi ya juya farfela, farfela ta juya janareta, wuta ta bi waya har gidajenku. Amma sai tururin ya huce ya koma ruwa kafin ya sake zagayowa. Ruwan teku ke sanyaya shi ta jikin bututu, ko haɗuwa ba sa yi. Ranar da ya daina shigowa, kowa ya nemi kyandir."

Wani watan Janairu, a makon da sanyi ya fi tsanani a duk yankinmu na Normandi, ina zaune wajen ƙarfe goma na safe ta bugo wa shugaban aikinmu, Thibault Lemarchand.

"Shugaba, ku rage wuta zuwa rabi. Ciyawar teku na tafe."

Thibault ya dubi allo. "Madam Odile, awo lafiya lau yake. Kin san gidaje nawa ke ɗumama ɗaki da mu yau?"

"Na sani, har da na uwata. Allonka abin da ya riga ya shigo yake gani. Ruwa ya yi baƙi bayan katanga, iska ta juya, teku na cikowa. In rariya ta toshe famfo na ja da ƙarfi, tasha za ta kashe kanta, sai jibi."

"In kuma ba ta zo ba?"

"Ka rubuta sunana, ni na ce."

Sai ya ce mini in rage. Minti arba'in bayan haka ciyawar ta iso. Da yake rage wutar ya ba mu damar kashe famfo ɗaya, rariyoyin suka jure. Odile da mutanenta huɗu suka yi awa shida cikin ruwan sama suna kwasa, har mota goma sha ɗaya. Kafin mutane su ɗora abincin yamma mun koma cikakken ƙarfi. A gari babu wanda ya san an yi wani abu. Thibault ya sauka gidan famfo da kansa ya ba ta hannu. Ta ce, "Ka ɓata takalminka a banza, Shugaba."

Ke ce 'yar masunci da ta koya wa injiniyoyi karatun teku, Odile. Ke ce ba ki taɓa ɗaga murya ba, ba ki kuma taɓa janye gaskiya don mai jin ta ya fi ki muƙami ba. Asibitin garin nan da gidan tsofaffi da gidan burodin kan kwana duk sun ci moriyarki ba su san sunanki ba. Yau sun sani.

Mun gode. Ku kuma masu tasowa, in kun ga abu ku faɗa tun da sauran lokaci, ku sa sunanku a kai kamar yadda take yi.

Ta gargaɗe ni kada wanda ya yi jawabi a walimar bankwananta ta Juma'a. Na yi alkawari, zan kuma cika. Rubutu dai ba ta hana ba.