Fatarin da Ba Mai Gani

Lokacin kullen korona a unguwar Taman Melati da ke Malesiya, ina neman ƙyallen ɗinka takunkumi, sai na zaro fatarin saƙi daga ƙasan akwati. Wata dattijuwa Bahaushiya maƙwabciyata ce ta ɗinka mini shi da hannu, da za mu yi wasan kwaikwayon zamanin kakanni a jami'a.

Na ce, "Gwaggo, ƙarƙashin zani fa zai zauna. Wa zai gani?"

Ta ciji zare, ta ce, "Tafiyarki za ta nuna, 'yar nan."

Korona ce ta ɗauke ta, ko wanka ba a bari mun yi mata ba. Fatarin bai daina ƙanshin turaren wutarta ba. Na ninke shi na mayar, na yanka mayafina na ɗinka takunkumin.

Allah Ya suturta ta yadda ta suturta mu.