Hantata Ta Warke, Sunana Ne Bai Warke Ba

Shekara hamsin ina haɗiye maganar nan. Yau na gaji.

Masu binciken aure sun zo a kan jikata Zainab, wani ya ce musu wai kakanta tsohon mashayi ne, giya ta taɓa cinye masa hanta a Amurka. Ni ne kakan. To ku buɗe kunne, musamman kai Ɗanlami, don na san 'ya'yanka suna karanta maka abin da nake rubutawa.

Farkon shekarun saba'in ina ɗalibi a New York, muna haya a Bronx ni da Isuhu, wani ɗan Damagaram. Da aka yi hutun bazara muka sayi jakar goyo ta gwanjo a Canal Street, muka ce bari mu ga bakin teku. Daga wannan gari zuwa wancan, wani wuri bas, wani wuri ƙafa. Muna kwana a hostel, masaukin matafiya mai araha, gado kan gado, ɗaki sai warin safa, da safe a miƙa maka tsintsiya ka share kafin ka tafi.

Matsalarmu abinci. Kicin ɗaya ne, kaskon kowa ya sha man alade, naman kanti kuma ba mu san wanda ya yanka ba. Sai na tuna karatun zaure: abin da ke cikin ruwa duk halal ne. A wani ƙaramin gari na ga ana sayar da wani abin teku mai ɓawo biyu, kilam suke ce masa, a ɓare a matsa lemun tsami a haɗiye ɗanye. Ga araha. Na dinga narka.

Isuhu ya yamutsa fuska ya ce, "Sani, ni abin da bai ga wuta ba ba ni cin shi."

Na yi masa dariya, na ce baƙauye.

Makonni bayan haka, muna wani hostel ɗin, jikina ya mutu. Zazzaɓi, amai, ko ƙanshin abinci ba na so. Na ce ai zazzaɓin gida ne ya biyo ni, na ɗauko maganin cizon sauro da na zo da shi daga Kano na yi ta sha. Ashe wuta nake ƙara wa hanta.

Fitsarina ya koma kamar shayi ba madara. Wata safiya Isuhu ya kalle ni ya ce, "Innalillahi, idonka ya yi ɗorawa." Shi ya goya jakata a gaba, tasa a baya, ya tallabe ni har bas ɗin New York.

A asibiti suka killace ni ɗaki ni kaɗai. Kullum a ɗebi jini. Kwanon abincina na takarda ne, in na gama a ƙona. Wallahi na ji tsoro, na zaci gawata za a sa a jirgi. Likita ya tambaye ni ko ina shan giya, na ce ko ɗigo. Ya ce me na ci a tafiya? Da na faɗa masa sai ya girgiza kai.

"Ciwon hanta ne, daga ƙazamin ruwan da abin ya zauna. Za ka tashi, amma sai ka yi haƙuri."

Nan ka shigo, Ɗanlami. Kai ne babba a cikinmu, kana aikin ofis a Manhattan, muna ce maka Yaya. Ka tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci, ko sannun kirki ba ka yi ba. Kalma ɗaya ka ji, hanta. Ka haɗa da cewa na yi yawo ina kwana ɗaki ɗaya da Turawa, shi ke nan ka yanke hukunci. Da ka je gida hutu ka zauna a zauren mahaifina ka zazzage masa wai giya ce ta kwantar da ni.

Ni ina can ina fama da romo da shinkafa ba mai, kuɗin karatuna na zango guda ya tafi a asibiti, Isuhu yana wankin kwanuka a gidan abinci yana ciyar da mu. Sai da na yi wata da watanni kafin in iya hawa matakalar tashar jirgin ƙasa ban huta ba. Amma na warke sarai.

Kafin in koma gida Baba ya rasu. Ƙanena ya ce min har ranar ƙarshe, duk sallar da ya idar sai ya ce, "Allah ka shiryi Sani, ka raba shi da kwalba."

Ka ji abin da ka yi? Tsoho ya tafi kabari yana roƙa min gafarar laifin da ban taɓa yi ba. Don gudun haram na ci abin da ya kwantar da ni, kai kuma ka mai da ni mashayi. Na yi shiru don ana cewa babba ne, a rufa masa asiri. Shirun nawa ga shi ya biyo jikata har ɗakin aure. Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Alhamdu lillahi da ya ba ni lafiya da tsawon rai. Allah ya jiƙan Isuhu, ya saka masa da Aljanna. Na gode wa likitan nan da ya tambaye ni kafin ya yanke hukunci.

Matasa masu son yawon duniya, ku je, akwai ilimi a ciki. Amma halal daban, dafaffe daban: abin teku ku tabbata ya ga wuta. Ku yi rigakafin ciwon hanta kafin tafiya. In ido ya yi ɗorawa a tafi asibiti, a bar shan magani da ka. In kun je dubiya ku kai addu'a, kada ku ɗauko labari.

Ku kuma masu bincike, gidana ba ɓoyayye ba ne. Ku zo ku tambaye ni. Ku zo da Ɗanlami, ya maimaita a gabana.