Fuska Uku a Hoton Mutum Huɗu

Ƙanena da ke aiki a Saudiyya ne ya aiko wa Inna kwamfuta, irin wadda ake taɓa gilashinta da yatsa, don ta riƙa ganin jikokinta in ya kira. Mu huɗu ta haifa. Ni ce babba, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, sai shi, sai mai bi masa da ke Bur Sudan, sai auta. Auta ba yaro ba ne, ya haura talatin a lokacin. Shi ke zaune da Inna tun rasuwar Baba, shi ke noman riɗinmu a karkarar Fashaga, shi ke kai ta asibiti in ƙafarta ta tashi.

Inna ba ta yi boko ba. Na rubuta mata lambobin buɗe kwamfutar a takarda, ta ƙulle citta a ciki. Na sake rubutawa, akuya ta cinye. Daga nan na gano ana iya sa hoto maimakon lambobi: mutum ya taɓa wuri uku a jikinsa, ɗaya bayan ɗaya, shi ke nan ta buɗe. Na ɗauko hoton da muka yi ranar wata Sallah, mu huɗu a jere a tsakar gida, na kama yatsanta na ɗora a kan na Saudiyya, sannan na Bur Sudan, sannan ni.

Ta tambaye ni, auta fa? Na ce uku kawai take karɓa, kuma ai shi kullum yana gabanta, me za ta yi da hotonsa? Ta janye yatsanta. Gaskiyar magana, a rubuce yake a gabana da Larabci cewa ana iya zana da'ira ko a ja layi. Da na zana da'ira ɗaya ta haɗa mu duka, da an gama. Na gani, na wuce. Allah Ya yi ni da gaggawa, kuma ranar ina da takardun jarrabawa da ke jirana a gida.

Inna ba ta rabuwa da man riɗi a hannu, don haka cikin kwana kaɗan gilashin ya yi tabo uku, daidai kan fuskokinmu. Da auta ya dawo daga yankan riɗi, ya rame ya yi baƙi, ya ɗauki kwamfutar ya karkata ta wajen haske. Ya ce ashe duk gidan nan shi kaɗai ne mai tsabtar fuska. Muka yi dariya, ni na fi kowa.

Sai matsala ta fara. Kusan kowane mako Inna za ta sa a kira ni, wai abin ya ƙi buɗewa. In aka yi kuskure sau da yawa, sai ta nemi lambobin nan, ni kaɗai kuma na riƙe su a kai. In tashi daga makaranta cikin rana, in hau raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, in iso ina huci. Wallahi na yi mata faɗa kamar ɗalibata. Fuska uku fa, Inna! 'Ya'yan da kika haifa, a ce kin kasa riƙe jerinsu? Ita dai sai ta ce in yi haƙuri, tsufa ne, ta tura mini jabana, wato gahawarmu, in sha. Sau da yawa auta na zaune a bakin angarib, gadonmu na igiya, yana gyaran wani abu, bai taɓa sa baki ba.

Wata rana kiran da ake yi mini ya ɗauke. Inna ta daina kuskure gaba ɗaya. Na yi ta cika baki a wajen abokan aikina cewa har tsohuwa na koyar, kuma tsawa tana da ranarta.

Shekara biyu bayan haka ta rasu. Bayan an watse daga zaman makoki, maƙwabciyarmu, wadda suke shan jabanar hantsi tare, ta zauna taya ni naɗe kayan Inna. Da ta ga kwamfutar sai ta yi murmushi, ta ce Hajiya da rigima. Wai in Inna za ta buɗe, sai ta fara shafa fuskar auta tukuna, ta ce ba za ta tsallake wanda ke ɗauke da ita ba, sannan ta bi sauran. Wani lokaci ta gwada sa shi a tsakiya, ko abin zai yarda. Ashe ba mantuwa ba ce. Ni kuwa, mai koyar da 'ya'yan mutane, ban taɓa cewa ta buɗe a gabana in ga inda take kuskuren ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji haushin kaina.

Da la'asar na sami auta a ƙofar gida yana ɗaure buhuna, zai koma gona. Na ɗauka albishir na kawo masa. Na ce ya san kuwa duk lokacin nan shi Inna ke fara taɓawa? Bai ɗago ba, ya ci gaba da jan igiya.

"Na sani, Yaya," ya ce. "Ai a gabana take yi. Ni na roƙe ta ta daina taɓa ni, don ki daina yi mata tsawa."

Na tsaya riƙe da bakin mayafina. Ya ɗaga buhun ya kai mota, ya dawo ya ɗauki na biyu.