Majo Isaka Bai Yarda da "Da Sauƙi" Ba

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Majo Isaka makwancinsa a Tibiri, amma har yau in na ji mara lafiya ya ce "da sauƙi", fuskarsa nake gani, ya karkata hula yana harara.

Na san shi a shekarun da aka buɗe jam'iyyu, yajin aiki ya rufe lakwal, wato makarantun boko, mu malamai muka koma zaman gida. A nan ciwon damuwa ya kama ni. Ba zazzaɓi, ba tari, sai dai na daina wanka, na daina fita, tuwo ya riƙa kwana a kwano. Matata Rabi ce ta ja ni likitar Jiratawa, wato asibitin garin, inda Isaka yake Majo, shugaban ma'aikatan jinya.

Lokacin wani lokotoro, wato dokta, daga Yamai yana gwada hanyoyin maganin wannan ciwo. An raba mu biyu: wasu ƙwaya kaɗai, wasu ƙwaya da zaman hira duk mako a bakin gonakin rani. Sharaɗin shi ne kowa ya tsaya inda ƙuri'a ta jefa shi har gwajin ya ƙare. Ni ƙwaya kaɗai na samu. Duk wanda aka tambaya ya jiki sai ya ce da sauƙi, don haka aka rene mu, sai a rubuta hakan. A takarda duk mun kusa warkewa.

Isaka bai ɓata bakinsa a kaina ba, Rabi ya kira gefe. "Ya ci tuwo jiya? Ya tahi Juma'a?" Ta girgiza kai, ta faɗa masa abin da nake ɓoyewa: na fara rabar da littattafaina, ina neman gafarar mutane. A makon nan ya mayar da ni wajen masu hira. Lokotoro ya yi faɗa, ya ce an ɓata masa aiki. Isaka, wanda yake kirana Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Takarda tana iya jira, lokotoro. Mushe ba shi kai ƙarshen wata."

Lokotoron ba mugu ba ne. In kowa ya canja yadda ya ga dama, ba za a gane abin da ke magani ba. Isaka ma ya san haka, ya sha faɗan bai musa ba. Aka cire sunana daga gwajin, ni kuwa cikin manoman albasa na sake koyon magana.

Ɗiyata da ke karatun likita ta ce yanzu ana tsara irin wannan gwaji da ƙofar canji tun farko: a rubuta lokacin da za a duba, wanda bai samu sauƙi ba a sauya masa hanya, wadda ta kasa a ajiye ta. Da Isaka yana nan, na san sai ya cika mana kunne da alfahari, sannan ya ce, "To, wa za su tambaya, mai ciwon ko matatai?"

Bai bar littafi ba, bai bar gini ba. Ya bar ni da rai, da wannan tambayar. Ranar da na je duba shi a ciwonsa na ƙarshe, ya yi murmushi ya ce, "Da sauƙi, Mushe." Na fita tsakar gida na tambayi matarsa. Kwana uku bai ci tuwo ba, ni kuma ba ni da inda zan mayar da shi yadda ya mayar da ni.