Luguden Bayan Katanga

Shekarun baya, tun ƙaramar ɗiyata ba ta shiga sakandare ba, maigidana ya gama ginin gidanmu a wata sabuwar unguwa can bayan gari, muka tashi daga gidansu na gado da ke Ƙofar Kwaya. Duk wanda ya ji labari sai ya ce na huta. Ni ma haka na ce.

Gidan da muka baro irin babban gidan nan ne mai sassa da yawa. Surukata na ɗakinta, facalolina kowace da sashenta, yara kuwa ba a sanin yawansu sai an zo rabon tuwo. Ni karatuna bai yi nisa ba, kuma ba ni da yawo, amma Allah ya ba ni baki da kunne. Ina cikin ɗaki zan faɗa muku wa ya shigo zaure daga jan takalminsa. In aka kafa turmi a tsakar gida ba sai na leƙa ba, na san ko surfe ake, ko ribɗi, ko kirɓin fura, na kuma san wadda ke riƙe da taɓaryar. In ma da ɓacin rai ta tashi, a dakan zan ji. Surukata takan ce, "Ke dai da ana sayar da kunne, da naki ya kai mu Makka."

Sabon gida kam ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Tayil har tsakar gida, famfo a kicin, get na ƙarfe. Maigidana atamfa da shadda yake sayarwa a Babbar Kasuwa, kuma a hankali ya tara ginin nan, shekara da shekaru, yau a sayi bulo gobe a tsaya. Ranar da muka tare ya riƙa zagayawa da ni kamar wadda ta zo kallo. "Kin ga tagar nan? Don ke na sa aka faɗaɗa ta, na san ki da son iska." Ya so in bar turmina a cikin gari, wai akwai inji a bakin titi. Na ce turmin ƙirya ne, mahaifiyata ta sa mini shi a kayan aure, inda na je nan za shi. Aka jefa shi a sito.

To, a cikin gari yadda muka taso, in mutum ya tare a unguwa maƙwabta ne ke zuwa yi masa barka da tarewa. Baƙuwa ba ta fara shiga gidan mutane. Zama take ta shimfiɗa tabarma a zo a same ta, daga baya ita kuma ta bi gida-gida ta yi godiya. Saboda haka na soya cincin cike da bokiti, na sa aka sayo goro, kullum da hantsi in share gida in sa turaren wuta in zauna. Layin namu duk kangaye ne ba a gama ba, gida ɗaya ne da mutane a ciki, kuma katangarmu ɗaya da su. Ina jin matar gidan. Ina jin tana wanke-wanke, ina jin tana lallashin jariri, kullum kuma tana dakan fura. Amma ko sallama ba ta yi mini ba.

Na ce wa maigidana, "Malam, matar nan ta kusa da mu girman kai gare ta."

Ya ce, "To ke ki leƙa mana."

Na ce, "Ni baƙuwa? A ina aka taɓa yi? Salon a ce na zo da roƙon iri."

Ya yi dariya ya tafi kasuwarsa. Yara suka tafi makaranta. Aka bar ni da tayil.

Ban san shiru na da nauyi ba sai a gidan nan. Ni da nake magana tun daga asuba har a kwanta, sai na koma ina wuni ban buɗe baki ba, in ban da salla. Abinci ya daina yi mini daɗi. Kaina ya riƙa ciwo, aka sayo mini maganin zazzaɓi a kemis na sha, ba abin da ya sake. Wata rana ina tsince shinkafa sai na ga hawaye na ɗiga cikin faranti, kuma wallahi da za a tsare ni a ce me aka yi mini, ba ni da amsa. Yara su dawo da murnarsu in hau su da faɗa a kan takalmi. Abin da ya fi ci mini rai, ba wanda zan faɗa wa. In na je cikin gari surukata ta ce, "Yaya sabon wuri?" sai in ce, "Alhamdu lillahi, Inna." Facalolina su ce, "Hajiyar tayil, kin huta da hayaniyarmu." In yi dariya. Wa za ki ce wa an gina miki gida kina kuka? Ai sai a ce butulci.

Ana nan sai aka sa ranar auren ƙanen maigidana, aka ce sashenmu na da za a gyara masa. Da na ji haka sai na gane ashe a raina ɗakunan nan nake ajiye da su. Na yanke shawara kafin a sa musu fenti zan ce wa Malam ya mayar da ni, gidan nan ya sa haya ko ya yi yadda ya ga dama da shi. Na san abin da maganar za ta yi masa. Mutumin da ya hana kansa sabuwar riga saboda siminti. Amma na kai inda nake ganin in ban koma ba, wani abu zai same ni.

Ranar da na shirya faɗa masa, da safe na fito na same shi a tsugune yana dasa mangwaro a tsakar gida, hannu duk laka. Ya ɗago ya ce, "Nan gaba a inuwarsa za ki riƙa zama da jikoki." Sai na fasa faɗa masa a lokacin. Na ce, "In ka dawo akwai maganar da za mu yi." Ya ce Allah ya kai mu.

Da hantsi ina zaune a bakin ƙofar kicin, sai matar nan ta fara dakanta. Na saba ji, har haushinsa nake ji. Amma ran nan, ko don zuciyata ta yi laushi ne, sai na saurara da kyau. Ta buga, ta jefa taɓarya sama ta tafa, ta cafe, sai ta ɗan dakata. Ta sake bugawa, ta tafa, ta dakata. Na ce a raina, ikon Allah, wannan ai lugude ne. Dakan mutum biyu ne, inda ɗaya ke bugawa ɗaya na amsawa. Wannan ɗan shirun da take bari, gurbin taɓarya ta biyu ne. Hannunta ya saba da wata a gefenta, kuma ita ɗin ba ta nan.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na shiga sito na mirgino turmina, duk yanar gizo, na goge shi da zane, na jawo shi jikin katanga, na watsa gero a ciki don kada in daki turmi wayam. Na jira. Ta buga, ta tafa, ta bar gurbin. Na saka tawa a ciki.

Shiru. Har na ji kunya ta kama ni, na ce yau na zubar da girmana, uwar 'ya'ya da wasan yara. Can sai na ji ta buga sau ɗaya, a hankali, kamar mai tambaya. Na amsa. Ta ƙara, na ƙara. Kafin ka ce me, mun ɗauka. Tana sauri ina bin ta, ta canza salo in cafe, ni da na daɗe ban yi ba har kafaɗata na ƙara. Geron nan ya zama gari ya fara tsalle yana fita, ban tsaya ba. Sai da ta kuskure tafi, taɓaryar ta faɗi ƙasa, na ji ta fashe da dariya. Ni ma na zauna a ƙasa ina yi, rabona da irin ta tun cikin gari.

Sai ga kai ya ɓullo ta saman katanga. Ashe kifa turminta ta yi ta hau. Yarinya ce ba ta kai ni shekaru ba, da ɗankwali a karkace, daga maganarta ka san daga ƙauye aka kawo ta.

Ta ce, "Ina kwana, Yaya? Ashe kina da hannu haka?"

Na ce, "Lafiya lau. Yaya jego, yaya ɗan? Amma baiwar Allah ina da ƙorafi. Mun tare kusa da ke, ko ki leƙo ki ce mana barka?"

Ta zaro ido. "Ni? Yaya, ai ni ce baƙuwa! Ni ke zaune ina jiran ki. Har na ce wa maigidanmu matar nan ta birni ba ta son talaka."

Na ce, "Yaushe kuka tare?"

Ta ce, "Bayan ƙaramar Salla, satin da aka yi ruwan farko."

Na riƙe baki. Satin da muka tare ke nan. Su sun shigo muna can muna ɗaure kaya, mu mun shigo tana fama da jariri ba ta san hawa ba. Kowace ta buɗe ido ta ga hayaƙi a gidan kusa, ta ɗauka ta tarar da mutane. Ta ce fura ta riƙa damawa tana ajiye mini har ta yi tsami. Ta ce a garinsu da yayarta suke daka kullum, nan kuwa tun da aka kawo ta ba ta da wanda za ta ce wa ko sannu, in mijinta ya fita da babur sai dare. Tana faɗa tana dariya, idonta na kawo ruwa.

Ta ce, "To yanzu wa za ya fara zuwa?"

Na ce, "Sauka kada ki faɗo. Ga ni nan."

Na zura hijabi, na ɗauki bokitin cincin da ya riga ya yi sanyi ya yi taushi, na buɗe get ɗin nan da kaina. A gidanta na yi azahar.

Da Malam ya dawo ya ci abinci, ya ce, "Wace magana ce?" Na ce a ba ƙanensa ɗakunan, Allah ya sa albarka. Sannan na faɗa masa gaskiya, duk abin da na ɓoye, har da kukan shinkafa da niyyar da na kwana da ita. Ya ce, "Na ga kin rame, na ɗauka zazzaɓin ne. Me ya sa ba ki faɗa ba?" Na ce kunyar tagar da ya faɗaɗa nake ji. Sai na ce ina da roƙo ɗaya, a fasa mana 'yar ƙofa a katangar nan. Ya ce, "Katangar da ko fentinta bai gama bushewa ba?" Amma da suka yi magana da mijin maƙwabciyata bayan sallar Juma'a, sai ga magini.

Ba zan ce a ranar komai ya wuce ba. Na ɗauki lokaci kafin in daina kewar cikin gari, har yau in na ji ƙamshin tuwon gidan yawa sai raina ya motsa. Amma na gane ba tsohon ɗaki nake nema ba, wanda zan yi wa magana ya amsa nake nema, kuma tana nan bayan bulo tana neman abin da nake nema. Na kuma daina cewa lafiya lau ga wanda ya kamata in ce wa ba lafiya ba.

Yanzu layinmu ya cika. Duk wadda ta tare, tun ba a gama sauke katifa ba za ta gan mu ni da maƙwabciyata da kwanon fura, ba ma tambayar wa ya riga wa. Mangwaron Malam ya yi inuwa har yana zubar mata da 'ya'ya a gida. Ita ma yanzu inji take kai geronta, amma turmin na nan jikin katanga. In abu ya dame ta ba ta kira na a waya, kuma ba ta biyo ƙofar. Bugawa take ta bar gurbi, ni kuma duk abin da ke hannuna sai in ajiye in ɗauki taɓarya.