Riskuwa Ɗan Gaya da Jami'ar Sakkwato

A Gaya ta Nijar aka haifi Riskuwa, can ya yi karatunsa da Faransanci, sannan ya koma Argungu wurin kawunsa Tamba masunci. Zamanin Argungu tana cikin jihar Sakkwato, ya nemi shiga Jami'ar Sakkwato cikin ɗaliban ƙasashen waje. Fargabarsa kada a ƙi takardunsa na Nijar, har ya rame.

Da ya dawo daga ganawa da malaman, ya tarar kawunsa yana gyaran taru.

"Mi sunka ce?" in ji Tamba.

"Sun amshe ni, Kawu, amma sai na fara koyon Turanci."

Tamba ya yi hamdala, ya saki dariya. "Turanci ai ba kada ba ne. Faɗa ka yi iyo!"

Riskuwa ya gama, ya koyar da lissafi a Birnin Kebbi har ya yi furfura.